Jadawalin Barau

Barau ya dawo daga Samaru da takarda a hannu,
ya shimfiɗa ta kan buhun masarata,
ya danne bakinta da mudu.
Ya ce, "Baba, ga Afirka nan kaf,
an jera ƙasashe kamar masu jiran awo,
kowace da lamba a goshi,
gwargwadon yadda farashi ya hau mata bana."

Na ce, karanta,
idona ya daina ganin ƙanana.

Ya faro daga gindi, inda lambobi suka yi lamo,
ya kira masu sefa, ya kira masu shilin,
yatsa na hawa kamar mai hawan Kufena,
har na ƙosa, kafin ya tsaya
ya ce, "Ga mu."
Da ya ga fuskata sai ya ƙara,
"Ai akwai na samanmu."
Na ce, Barau, wanda ke rijiya gaba ɗari
ba ya shan iska don wani na gaba dubu.

Muna haka Lantana ta iso,
mai ƙosan nan ta Gyallesu.
Shekara tara tiya uku take awo,
yau ta ce ɗaya da rabi,
rabin ma in rubuta.
Ta leƙa takardar, ta ce ina layinta?
"Ni nawa ba hawa yake ba, motsewa yake.
Kuɗin ƙosai na nan inda yake,
ƙosan ne ya koma kamar ƙwan kurciya.
Yara na kallon hannuna
kamar ni na cinye sauran."

Ɗan'azumi direba na gefe yana shan rake,
jiya ya sauko daga Maraɗi.
Ya tofar da ɓawo ya ce,
"Can da kuka ce lambarsu ƙarama,
a gabana wata ta ajiye kifi
ta ɗauki daddawa,
ba ta ko waiwaya ba."

Barau dai bai karaya ba, ɗan boko.
Ya ce lambar ta gudu ce, ba ta tsawo ba:
ko ta sauka, farashi bai sauko ba,
sassauta hawa kawai ya yi.
Na ce, na gane.
Ɓarawon da ya kwashe akuya goma bara
bana bakwai ya ɗauka,
sai a tara unguwa a yi masa godiya.

Ya yi dariya. Ni ban yi ba.
Na jawo littafin bashi daga ƙarƙashin tabarma,
wanda bara rabinsa fari ne,
bana har bango na rubuta.
Malamin firamare na ciki,
mai gadin asibitin Tudun Wada na ciki,
da wani alhaji da ba zan faɗa ba,
mai zuwa bayan magariba.
Na ce, ga tawa nahiyar.
Nan ba a san wa ya fi wa ba,
mudu ɗaya nake auna su.

Ban raina karatunsa ba, wallahi.
Da kuɗin waken nan na biya masa rajista,
kuma ina so wata rana ya zauna
inda ake juya lambobin.
So nake dai in ya je
ya tuna girman ƙosan Lantana.

Da yamma ta aiko yarinya da guda biyar.
Ba mu da abin tara,
Barau ya ce ai yana da wata a waya,
ya miƙa takardar.
Mai ya tsatso ta tsakiya,
ya bi ta kan mu, ya bi ta kan masu sefa,
bai nemi fasfo ba.
Muka raba, biyu da rabi kowa,
na tashi na ɗaure bakin buhu.